Tozon Lailaton

Asabar, 3 ga Maris, 1984

Akwatin katunan kwamfuta ya iso daga Turai. Duktura Samiha, malamar da ke duba aikin digirina, ta raba mana ni da Hassumi. Hassumi mutumin Damagaram ne, kome sai ya ƙirga sau uku. Ko matakalar bene ina jin ƙirgawa yake.

Litinin, 5 ga Maris

Nata'ala, abokin ɗakina nan jami'ar Ainu Shams, ya sake tambayata me nake karantawa. Shi fiƙihu yake yi, bai da wannan matsalar. Na ce Turawa sun haƙa wani ƙaton zobe a ƙarƙashin ƙasa, suna gwara 'yan ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta da mugun gudu. Wani lokaci sai wata ƙwaya mai nauyi ta fito daga karon, ta mutu nan take. Mu kuma muna huda lambobin kowane karo a kati, kwamfuta ta zana mana layi. In layin ya yi tozo, to akwai sabuwar ƙwaya a wurin.

Ya ce, "Wato a gwara ƙwai biyu a tsinci jimina?"

Abin haushin, kusan haka ne.

Laraba, 7 ga Maris

Na jera katunana daga na ƙwayoyi marasa nauyi zuwa na masu nauyi. Shayi ya zube a kan wani ɓangare. Na sake huda sababbi, na shanya tsoffin a taga. Ba wanda ya gani.

Asabar, 10 ga Maris

TOZO! Alhamdu lillahi! Takardar na fitowa daga kwamfuta na gan shi, tsaye kamar na bijimin Sallah. Karo tamanin da biyu a wuri ɗaya, inda lissafi ya ce wajen arba'in za a samu.

Duktura ta cire tabarau ta mayar. Ta ce, "Ya Lawali, a hankali." Amma na ga kunnenta ya yi ja. Hassumi bai ce kome ba sai, "A ba ni katunan in duba." Hassada ce. Allah Ya shirye shi.

A bas na wuce tashata da uku.

Lahadi, 11 ga Maris

Sunayen irin waɗannan ƙwayoyi da "on" suke ƙarewa. Na yanke shawara: Lailaton. Na rubuta wa budurwata Lailatu wasiƙa zuwa Ƙauran Namoda, shafi huɗu. Na ce wasu samarin turare suke kawowa, ni kuwa ƙwaya na gano na sa mata sunanta, kuma duniya za ta ji. Na jefa a gidan waya kafin in yi karin kumallo.

Alhamis, 15 ga Maris

Na gwada jawabin karɓar lambar yabo a gaban madubi. Nata'ala ya shigo da burodi ya same ni ina sunkuyo. Ya ce, "Mutumina, alƙibla ba nan take ba."

Duktura za ta buga wa Turawan telegiram ranar Talata, da sunanta da nawa.

Lahadi, 18 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Hassumi ya kira ni bayan ɗakin kwamfuta, ya miƙo mini kati biyu. Lamba ɗaya, huji ɗaya. Ɗaya fari tas, ɗaya da tabon shayi. Ya ce, "Malam Lawali, irinsu arba'in da ɗaya ne. Sau uku na ƙirga."

Ashe da suka bushe ni da hannuna na mayar da su cikin akwatin. Kwamfuta ta ƙirga kowane karo sau biyu. Lailaton shayi ne. Shayi da madara.

Na ce ya gaya wa Duktura? Ya ce a'a, ba maganarsa ba ce. Ya sa mini katunan a aljihun riga, ya tafi sallar azahar.

Litinin, 19 ga Maris

In na yi shiru, telegiram ya tafi, Turawa su gano, sunan Duktura ya zube. In na yi magana, wataƙila ta kore ni, shekara biyu ta tafi a banza. Na tambayi Nata'ala hukuncin wanda ya yi ƙarya bai sani ba. Ya ce, "Jiya babu laifi. Yau ka sani."

Wa ya aike ni tambayarsa?

Talata, 20 ga Maris

Na sami Duktura tana gyara kalmomin telegiram. Na ajiye katunan biyu a tebur, na faɗi kome, har shanyar taga. Ta yi ta jujjuya katunan, har na fara tunanin me zan ce wa Baba a filin jirgin Kano. Sai ta shinshina mai tabon, ta yage takardar telegiram ɗin biyu.

Ta ce, "Ma'alish, ba kome. Ƙwayoyin nan ba sa kai ƙiftawar ido a raye. Taka ta yi kwana goma. Khalas, shi ke nan, ka sake akwatin daga farko. Kuma daga yau shayinka a waje."

Na fito na zauna a matakala.

Asabar, 14 ga Afrilu

Amsar Lailatu. Ta ce ta karanta wa duk gidan. Kawunta ya yi mini addu'a a masallaci. Innarta ta ce tunda ƙwayar mai nauyi ce lalle tana da ƙarfi, in aiko mata da guda goma saboda ciwon baya.

Na fara amsa sau biyar. A ƙarshe na rubuta gaskiya, layi shida kawai.

Laraba, 2 ga Mayu

Wani ɗan tozo ya fito a sabon akwati. Ban yi ihu ba. Na ɗauki katunan na kai wa Hassumi, muka ƙirga tare, shi daga gaba ni daga baya. Kafin la'asar tozon ya baje, ba kome a wurin. Na jira baƙin ciki ya zo, shiru. Har kushari, shinkafa da taliyar mutanen nan, muka je muka ci.

Na mayar da kujerata teburinsa. Saboda fanka ce, ta ɓangarena ba ta juyawa sosai.