Ku Rage Gaisuwar Wayarku, Ku Bar Mana Tamu

Zuwa ga Manajan kamfanin wayar iska, ofishin Sabon Gari, Gusau.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata, da gajiyar aiki. Da gangan na cika gaisuwar nan, ranka ya daɗe, za ka ga dalili a gaba.

"Malama, kunnawarki ke da wuya, kafin ki kai ta kunne ta kama." Maganarka ke nan ranar da na sayi wayar nan a hannunka, kana dukan ƙirji. Ni ce Malama Hajara ta Kekun Waje, wadda ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Wanda ya yi rayuwarsa yana sauraren uzurin 'yan makara ba ya mance alkawari. Tunda na zo ofishinka ban sami biyan bukata ba, na kawo maganar jarida, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Wayarku ba ta kamawa kamar yadda ka ce. In na kunna ta, jar fitila ce ke kamawa, ta yi ta ƙifta ido tana neman layi. Na sha dama fura, in sha, in wanke ƙwarya, in dawo in tarar ba ta koma kore ba. A Gusau wannan ba komai ba ne, don kuna da lantarki, wayoyinku a kunne suke wuni. Mu babu wuta a Kekun Waje. A kan kabu-kabu nake goya ta zuwa Bungudu a yi mata caji, in dawo in kashe ta in lulluɓe, sai buƙata ta taso. Kowace kunnawa kuwa, jiran nan ne ke shanye batir. Abin da ya rage mana na magana bai fi saura a gindin tukunya ba.

Na biyu, ga abin da jiran ya jawo mini. Ɗan yayana Sanusi zai auri wata yarinya a Tsafe, ni ce gwaggonsa, ni zan jagoranci mata masu kai lefe. An sa ranar Asabar. Da safiyar ranar direban bas ɗin da muka ɗauka ya aiko cewa mota ta kwanta a gareji. Na ce ba komai, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau wayata za ta nuna amfaninta. Mahaifin yarinyar yana da irinta a gidansa. Na kunna, mata sun kewaye ni da gwaggwaro da turare, muka zuba wa jar fitila ido kamar masu duban wata. Da ƙyar ta kama. Aka miƙa wa kakar amarya, Inna Kulu, wadda ita ke da ta cewa a gidan.

To, ranka ya daɗe, kai ma ɗa ne a wani gida. Tsohuwar da za ta ba ku jikarta, ka fara mata da maganar mota? Na gaishe ta da kwana, na tambayi jiki, na tambayi mutanen gida. Ta amsa a natse, ta juyo tana tambayar nawa. Tana cikin tambayata gajiya, waya ta mutu a hannuna.

Nan da nan na tashi mutum ya bi ta Gusau zuwa Tsafe. Kafin ya isa an yanka kaji, an soya waina, an jera alkaki, maƙwabta sun cika tsakar gida suna jiran akwatuna. Kaji dai an ci, an kuma yafe mana su. Abin da Inna Kulu ba ta yafe ba shi ne, wai ta tambaye ni gajiya na kife mata waya. Na je da kaina na durƙusa na yi bayanin batir. Ta saurare ni tsaf, ta ba ni ruwa, ta ce ita ba ta san batir ba, abin da ta sani wadda ta fara gaisuwa ita ke ƙarasawa. A cikin waya na yanke ta, a cikin waya zan dawo in ɗora daga inda na tsaya, sannan ta sa sabuwar rana. Na gwada, na sake gwadawa, ko sau ɗaya ba mu wuce lafiyar yara ba. Yanzu matan Tsafe sun sa mini suna Gwaggo Ina-gajiya, Sanusi kuma ya rame har hularsa na yi masa yawa.

Na uku, amsar da ka ba ni da na kawo kuka. Ka ce in riƙa barin ta a kunne. Da wace wutar? Ka ce in yi kiran daga shagon caji. Maganar aure ba a yin ta a shago, gaban masu gyaran rediyo da 'yan zaman kashe wando. Sai ka yi murmushi ka ce mu mutanen ƙauye mu rage gaisuwa, mu riƙa shiga magana kai tsaye. Wannan ce ta sa na ɗauki biro.

Domin kafin in fita na tsaya wajen injiniyanku, mutumin kirki, na tambaye shi me wayar ke yi a duk tsawon jiran nan. Ya ce in an kunna ta, sai ta bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya tana neman ƙarfen nan naku mai tsawo. In ta same shi ta yi sallama, ya tambayi lambarta, ta faɗa. Shi kuma ba zai yarda ba sai ya aika can babban ofishinku a tabbatar, ya jira amsa, sannan ya ce ta shigo. Gobe in an sake kunnawa, a sake daga farko, kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Ashe wayarku ma gaisuwa take yi! Tata ta fi ta Inna Kulu tsawo, ga ta babu zumunci a ciki. A garinmu ko baƙo ne, sau ɗaya mai unguwa ke tambayar sunansa da na ubansa. Kwana uku, yara sun san shi. Wayata ta shekara tana yi wa ƙarfenku sallama, har yau bai gane muryarta ba. Sannan ni za a ce in rage?

Ga roƙona. Ku sa waya ta riƙe tashar da ta kama jiya, ta fara neman layi daga nan, ta daina yawon gida-gida. Ku sa ƙarfenku ya riƙe lambobin da ya riga ya sani. In kuma tabbatarwa dole ce, a yi ta nan Gusau. An ba mu jiha don mu daina kai ƙaramar magana nesa, bai kamata wayoyinmu su ci gaba da kaiwa ba. Injiniyanku bai ce mini ba zai yiwu ba, cewa ya yi ba a ba shi umarni ba. Umarnin kuwa a bakinka yake, ko a bakin na sama da kai, waɗanda kai wayarka ke kama su nan take.

Muna so a ɗaura auren nan kafin azumi. Don haka na ba ka zuwa ranar da watan Sha'aban zai tsaya. In har ranar na kunna ta kama da wuri, na ƙarasa gaisuwata, Inna Kulu ta sa rana, to kana cikin manyan baƙi, cinyar kaza taka ce.

In ba haka ba, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Bas ɗin ya fito daga gareji. Zan cika shi da matan lefe, mu sauka a ofishinka da hantsi, mu shimfiɗa tabarmi. Ɗaya bayan ɗaya za mu gaishe ka: kwana, gajiya, iyali, aiki, damina, kaka, mutanen garinku da dabbobinsu. In ta ƙarshe ta gama, ta farko za ta ce ba ta gane ka ba, mu sake daga farko. Inna Kulu ta ce a biya a ɗauke ta.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya albarkaci kasuwarka, ya ba ka surukai masu haƙuri.

Wassalam.

Malama Hajara,
Kekun Waje, Bungudu.