Ɓargona a Jikin Suhaibu

Tudun Wada, Zariya
6 ga Mayu

Zuwa ga maigidana Baban Hanifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aiki a Fatakwal kuma da sauƙi. Hanifa tana nan ƙalau. Na rubuto na bai wa direban tashar Kwangila ne saboda duk sanda na ɗauki waya zan gaya maka, sai kuka ya shaƙe ni.

Ƙanina Suhaibu ba lafiya. Yau kwana biyar yana gudawa, ruwa tsululu, sau goma sha wani abu a yini. Ka ga dai yadda muka dawo da shi daga Indiya bayan an dasa masa ɓargona. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya sikila tana murɗa masa ƙashi, sai ga shi har da kumatu. To kumatun sun zube.

Jiya muka kai shi asibiti. Dokta Charity ta ce abu uku ke kawo wa mai dashe irin wannan gudawar. Ko magungunan da yake sha, ko ƙwayar cuta ta abinci ko ruwa, tunda an danne masa garkuwar jiki, ko kuma sabon ɓargon ne bai yarda da jikinsa ba, ya juya yana yaƙar hanjinsa. Ta ce maganin na biyu da na uku kishiyar juna ne. In ɓargo ne, a ƙara danne garkuwar. In ƙwayar cuta ce aka yi haka, an buɗe mata ƙofa. Don haka ta tsare ni da tambaya ko wani abu ya shiga bakinsa ba ta hannuna ba. Na rantse mata. Tun da na tare gidan Inna don jinyarsa, ni ke tafasa ruwansa, ni ke wanke kofinsa, masu dubiya kuwa a bakin ƙofa nake tsayar da su, har ana ce mini sojan gida. Gwajin bayan gida bai nuna komai ba. An aika wani Legas, amma zai ɗau kwanaki, shi kuma yana ƙarewa. Sai suka fara maganin ɓargo.

Baba Nagoda, ƙanin mahaifinmu, yana tsaye aka yi duk wannan magana. Muna dawowa gida ya tara mutane a tsakar gida, ya ce dama ya faɗa, jinin Atika zafi gare shi, macen da ba ta barin ta kwana me ɓargonta zai yi in ba faɗa ba? Inna ta sunkuyar da kai. Wallahi Baban Hanifa, allurar da suka caka mini a ƙugu don ɗibar ɓargon ba ta yi mini zafin maganar nan ba. Abin da ya fi ci mini rai, ina tsoron gaskiya ya faɗa.

Ka sa mu a addu'a. A gaida abokan aiki.

Taka,
Atika

Tudun Wada, Zariya
17 ga Mayu

Baban Hanifa,

Sallama da gaisuwa. Ya ciwon ƙafar da ka ce yana damunka? Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Ka zauna kafin ka karanta. Sakamakon Legas ya zo shekaranjiya. Ƙwayar cuta ce, irin wadda ake samu a gurɓataccen ruwa. Ba ɓargona ba ne! Kwana goma ana ɗura masa maganin da ke kashe ɗan ƙarfin da ya rage masa, ita kuwa cutar tana ta shagalinta a cikinsa.

Na koma gida kamar mahaukaciya, na birkice ɗakinsa. A bayan katifa na sami gorar roba uku, gindinsu baƙi ƙirin da tawada. Na kai su asibiti na ajiye a gabansa. Da ya gan su, sai ya gaya mini. Ashe kullum da hantsi, in na fita kai Hanifa makaranta, Baba Nagoda kan zagayo ta lungu ya miƙo masa rubutu ta taga, ya tsaya har sai Suhaibu ya kurɓa. Da ruwan tsohuwar rijiyar gidansa yake wanke allon, rijiyar nan da ke jikin kwata, wai ita ce mai albarka tun ta kakanmu. Suhaibu ya san an hana shi. Kunya ce ta kama shi, ya kasa mayar da hannun babba.

Kada ka yi mini mummunar fahimta. Ni ba ayar Allah nake faɗa da ita ba, da rubutu aka raine ni. Da ya zo ta ƙofa ya ce Atika ga allo, da ni da kaina zan tafasa ruwa in wanke. Amma ya san zan yi magana, shi kuwa ba zai nemi izinin 'yar wansa ba. Wannan ma da sauƙi. Abin da ba zan yafe ba shi ne ranar da likita ke tambaya, ina ta rantsuwa, yana tsaye da carbinsa, ya san abin da ya sani, ya yi gum. Kalma ɗaya ce da ta canja maganin. Ya haɗiye ta, ya dawo gida ya ɗora mini.

Suhaibu ya riƙe hannuna yana roƙona in rufa wa tsohon asiri, wai alheri ya nufa. Ban amsa masa ba. Gorar nan uku suna cikin akwatina, na kulle. Bari dai yaron nan ya miƙe, Tudun Wada za ta ji labari.

An sauya masa magani, yana kan ƙarin ruwa, sai dai zazzaɓi ya shigo. Ka ci gaba da addu'a.

Matarka,
Atika

Tudun Wada, Zariya
30 ga Mayu

Baban Hanifa,

Ina gaishe ka, ya hanya? Allah ya sa ka sauka lafiya. Na gode da zuwan da ka yi jana'izar Suhaibu, na san da ƙyar suka sake ka. Ka tafi kafin sadakar bakwai, shi ya sa nake son ka ji daga bakina kafin 'yan kai rahoto su riga ni.

Ranar, bayan an shafa addu'a, dangi suka shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa. Baba Nagoda ya gyara murya, ya ce kowa ya yafe wa Atika, ba da gangan ta yi ba, ƙaddara ce. Ka ji fa! Ni za a yafe wa! Na tashi na ɗauko gorar nan uku na jera a kan tabarma gaban gwiwarsa. Na karanta takardar Legas, na fassara ta da Hausa dalla-dalla. Na faɗi taga, na faɗi rijiya, na faɗi ranar da ya yi shiru a gaban likita. Na ce in ƙarya nake yi ya ɗauki Alƙur'ani. Bai ɗauka ba. Sai na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi, sau uku, kowa na ji.

An ce na yi rashin kunya, na tozarta uba a zaman makoki. Na yi ɗin. Wasu sun daina gaishe ni, shi kuma an ce ko masallaci ba ya fita. Bai dame ni ba. Suhaibu ya roƙe ni ban yi masa yadda ya so ba, wannan kaɗai ke cizona, kuma ko yau aka sake zama zan maimaita. Don Allah kada ka rubuto mini zancen haƙuri, ban shirya ba tukuna.

Jiya Dokta Charity ta kira ni. Akwai gwajin jini da suka ɗauka kwana biyu kafin Suhaibu ya cika, sai yanzu ya fito. Dashen ya kama, Baban Hanifa. Ya kama gaba ɗaya. Ɓargona ya zauna lafiya a jikinsa, bai yaƙe shi ba, ko ɗigon sikila babu a jininsa. Na karanta wa Inna takardar, ta karɓa ta kifa a fuskarta, ta kira sunana, abin da ba ta taɓa yi ba tunda ni ce 'yar fari.

Ƙanina ya warke muka binne shi.

Hanifa tana gaishe ka. Ka kula da kanka.

Taka har kullum,
Atika