Kafin Ganyen Kukkuki Ya Zube

Hajiya, Hadiza ta haihu! Mace ce, kuma sunanki aka sa mata.

Kin ga murna ta sa na manta da sallama. Assalamu alaiki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Amma ke kika tura ni ajin yaƙi da jahilci da furfurata, to wa zan rubuta wa in ba ke ba? Jaririyar yau kwananta talatin da bakwai, sai yanzu na iya riƙe biro.

Kin tuna kukkukin nan na kan dutsen bayan gonarmu ta Rawayau? Duk kaka ganyensa yakan koma ruwan ɗorawa, ya yi kamar mako guda, sai ya zube. Shekara uku kina roƙona in kai ki in ɗauke ki hoto a gindinsa da wayar da 'yarmu Hadiza ta saya mini. Shekara uku ina cewa sai an gama yankan dawa. Na kuwa sani sarai, kafin dawa ta shiga rumbu itacen ya kaɗe. Ba aiki ne ya hana ni ba, Hajiya. Kunya nake ji abokan hirata su ga tsoho ya goyo matarsa a babur don hoto. Ban taɓa faɗa miki ba. Yanzu hotonki ɗaya gare ni, na katin zaɓe, kin ɗaure fuska. Shi zan nuna wa yarinyar nan in ce ga kakarta?

Tun ranar suna, kullum da hantsi ina kan dutsen. In tsaya wuri ɗaya, in ɗauki hoton itacen, in gwada da na jiya. Reshen gabas ya juya ruwan ɗorawa, na ƙasa da sauran kore. Hadiza ba ta fita sai ta yi arba'in, ranar Asabar ke nan. Iska na kaɗawa sai in koma in duba ko ganyen ya fara zuba. Dawa ta nuna, na bar ta a tsaye.

Asabar da hantsi zan goyo su a babur, ta gaban majalisar abokan nan nawa, in tsayar da Hadiza da takwararki inda kika so tsayawa. Na faɗa a masallaci, na aika Kurfi da Dutsin-Ma: kowa ya zo ya gani, har masu dariyar.

Ki yafe mini. Allah ya haskaka kabarinki.

Mijinki da ya makara,
Sule