Ni Na Koya Wa Matar Ɗana Miyar Da Ta Kashe Mata Aure

Assalamu alaikum, Edita. Ina gaishe ka da aiki, ina kuma gaida matan da suke aiko maka da sirrin tukunyarsu kana bugawa, masu koya wa 'yan'uwansu yadda alkaki yake laushi da yadda ake hana gara shiga rumbu. Don Allah a ɓoye ni. Ba na karatu, ba na rubutu. Birni na shigo da sunan sayen zare, na sami wani mai rubuta wa mutane takarda a bakin kasuwa wanda bai san garinmu ba, ina faɗa yana rubutawa. Sunan da za ku ji ba na gaskiya ba ne, domin ana karanta jaridar nan da ƙarfi a ƙofar dagacinmu, ɗana kuma yana cikin masu zama a wurin. Ina roƙonku kada ku tsine mini sai kun ji ƙarshe.

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye arewa da Kano, can wajen Zakirai, inda gonar wani take ƙarewa a jikin dangar wani. Mijina ya daɗe da rasuwa. Na haihu da yawa, ƙasa ta karɓe su duka ban da na farin, namiji. Kun san yadda muke da ɗan fari: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ko zazzaɓi yake yi sai in kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Kwanon tuwo kaɗai ne inda nake gaya masa abin da ke raina. Da aka zo ɗibar soja lokacin yaƙin Turawa aka tafi da shi ƙetaren teku, ko kuka ban yi a fili ba. Da ya dawo ban gane shi ba. Ya rame, ba ya magana, in aka yi aradu sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana rawar jiki, duk abin da aka ba shi sai ya ture. Ranar da na yi masa tuwon dawa da miyar kuka irin ta uwata, ya sa hannu, ya ci, ya suɗe kwanon, ya ce, "Inna, wannan nake mafarki a can." Da miyar nan na dawo da shi cikin mutane, loma bayan loma.

Tunda filin girki ne, bari in faɗa muku ita ta gaskiya, wadda na hana wadda ta fi kowa cancanta. Daddawar kalwa busasshiya sarai, a daka ta da barkono da citta da masoro da ɗan busasshen kifi, a zuba a ruwa ta tafasa har mai wucewa ta bayan danga ya ji. Kanwa ɗan mitsitsi, ba ta kai ƙwayar wake ba. Sai a janye itacen, wuta ta kwanta, a riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗayan. Ba a barinta ta daɗe a wuta bayan nan. Man shanu shi ne na ƙarshe. Shi ke nan fa. Abin da na kashe aure a kansa ke nan.

Da ya warware ya kama noman gyaɗa, sai ya ga wata yarinya a ƙauyen gaba da mu, ya ce ita yake so. Zan kira ta Hanne. Uwarta ta rasu tana goye, ta tashi tsakanin ubanta da yayyenta maza, girkinta na maza ne, a ƙoshi kawai. Ban ƙi auren ba, wallahi. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba, kafin in tashi ta share mini ƙofar ɗaki ta cika mini randa. Na ci gaba da tukunyata, ita ma tana tata, ana kai masa kwano biyu zaure. Nawa yana dawowa a suɗe, nata da saura. Sai wata rana aka dawo da kwanuka, nata fes, nawa an ɗan taɓa gefe ɗaya an rufe. Na zauna ina kallon tuwon nan har ya sandare. Ni da na ciyar da shi lokacin da ko ruwa ba ya karɓa a hannun kowa? Yarinyar da ba ta san bambancin masoro da kanumfari ba?

Ba a jima ba ta zo da kanta ta durƙusa a bakin murhuna. Ta ce, "Inna, ya ce duk duniya babu miya irin taki. Ni ban sami uwa ta koya mini ba. Don Allah ki zama uwata a nan." Ku ji fa abin da ta ce. Na dafa kanta na ce, "Tashi, 'yar nan, ai abin da nake jira ke nan." Na ce ta zuba kuka tun ruwa yana sanyi, ta bar ta ta yi ta tafasa, duk daɗewarta a wuta duk daɗinta. Na ce kanwa kuwa kada ta yi rowa, dunƙule guda kamar ƙwan zabuwa. Na ce daddawa tun da danshinta ake rufe ta a tukunya a liƙe bakin da laka don ƙamshin kada ya gudu. Tana ta gyaɗa kai tana maimaitawa a hankali don kada ta manta. Ta yi godiya har da hawaye.

Miyar ta fito baƙa, tsululu, da ɗaci. Daddawarta ta yi tsutsa. Kwanonta ya riƙa dawowa kamar yadda ya tafi, nawa kuwa har ana ƙari. Zan yi muku ƙarya in na ce ban ji daɗi ba. Na ji, har abincina ya ƙara shiga. Takan zo ta ce, "Inna, na yi duk yadda kika ce, me na rasa?" Sai in ɗanɗana, in ɓata fuska, in ce, "Hannu ne, 'yar nan. Wani hannun ba ya karɓar girki. Ƙara kanwar mu gani." Sai ta ƙara. Na sha ganinta a bayan ɗaki tana juya tafin hannunta tana kallo kamar akwai wani abu a rubuce a ciki.

Da damina ta yi nisa ciyawa ta fi ƙarfinsa, sai ya kira gayya, maza daga unguwanni suka zo da fartanyunsu da makaɗi. Ni ya kamata in tsaya a kan girkin. Da safe na ɗaure ƙugu da zane na ce bayana ya riƙe, na shimfiɗa tabarma a inuwa, ina ba ta umarni daga kwance. Tukunyar babba ce, na ce ta auna kanwar da girman tukunyar. Da za ta jefa, ta waiwayo ta kalle ni, na gyaɗa mata kai. Aka kai gona. Maza sun sha rana, yunwa ta kama su, suka runtse ido suka ci. Kafin la'asar ciki ya ruɗe. Mu nan ba mu da daji, ko'ina gonar wani ce, sai ga dattawa masu gemu suna gudu suna shigewa geron maƙwabta riƙe da mazugin wando. Makaɗi ya ajiye gangarsa shi ma ya bi su. Aka watse, rabin gonar ba a nome ba. Kafin kasuwa ta zagayo 'yan mata sun sa ta a waƙar dandali, suna tafi suna cewa Hanne mai miyar gudu. Ɗana ya shigo gida ranar, ya ɗauki tukunyar ya rotsa ta da ƙasa a gabanta. Tun dawowarsa ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ta tsuguna tana tsince gutsattsarin tukunyar, ni kuma ina kan tabarmata ina nishin ciwon da babu shi.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Aka yi suna a gidan maƙwabtanmu, mata suka taru a kan tukwane, kowa tana faɗin nata: wannan ta ce tokar kara ce take sa ƙwarya haske, waccan ta ce ita da ganyen bedi take kare wakenta daga ƙwari. Sai wata dattijuwa, ba da mugunta ba, ta ce, "Ke Hanne, zo nan. Wai yaya kike yin miyar nan taki?" Yarinyar nan ta tsaya a tsakiyarsu ta karanto musu duka, tiryan-tiryan, har da ƙwan zabuwar. Mata suka kwashe da dariya, wata har da faɗuwa kan turmi. Dattijuwar ba ta yi dariya ba, ta ce, "Wace marar tsoron Allah ce ta koya miki haka?" Hanne ta juyo ta dube ni. A ranar ne ta fara kallon cikin idona. Ta ce, "Inna ce." Ni kuwa na dafe ƙirji na ce, "Ni? La ilaha illallahu! Jama'a, akwai wadda ba ta taɓa cin miyata ba a nan? Na riƙe ki kamar 'yar cikina, sakayyar ke nan?" Suka yi mata caa. Amma na ga lokacin da ta gane, na gan shi a fuskarta, kamar an yaye mata wani abu.

Na riga ta isa gida, na zauna inda ɗana zai gan ni, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka tafi da shi soja. Da ta shigo ya tare ta a tsakar gida. Ya ce, "Inna ce ta koya miki?" Ta ce, "Ita ce." Ya ce, "Ƙarya take yi ke nan?" Ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Girkinki zan iya haƙuri da shi har in mutu. Amma ki yi wa uwata ƙazafi a gaban mata, ba zan iya ba. Ki tafi gidanku, na sake ki saki ɗaya." Da ta ɗaure kayanta sai da ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa ta ce, "Inna, na tafi." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ko muryata ba ta yi rawa ba.

Ashe da ciki ta tafi. Yanzu cikin ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Liman ya kira ɗana ya ce iddarta ba ta cika sai ta sauka, yana iya mayar da ita da kalma ɗaya kafin nan. Ɗana ya ce ya yarda, in za ta zo gaban matan nan ta ce ƙarya ta yi mini. Aka kai mata saƙon. Ta ce a gaya masa tana son ɗakinta, amma ba za ta yi rantsuwar ƙarya da ɗan mutum a cikinta ba. Shi kuma ya koma gidan jiya. Ba ya fira, ya daina zuwa gona sai an tura shi, shekaranjiya da aka yi tsawa na same shi a ƙarƙashin rumbu. Kwano ɗaya ake kai masa yanzu, nawa, yadda na so. Yana dawowa ba a taɓa ba.

Ran kasuwar da ta wuce gwaggonta ta biyo ta gidanmu da 'yar tukunya a rufe da faifai. Ta ce, "Hanne ta ce a gaishe ki. Wata maƙwabciyarsu ce ta koya mata. Ta ce ki ɗanɗana ki gaya mata ko hannun ya karɓa." Na buɗe bayan ta tafi. Koriya shar, da kauri, man shanu yana yawo a kai. Na sa yatsa na lasa. Ta yi, jama'a. Ta fi tawa. Kun san abin da na yi? Na tuƙa tuwo, na ɗumama miyar, na juye a kwanona na kai masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa hannu. Ya cinye tas. Ya ɗago ya ce, "Inna, Allah ya bar mini ke. Ba wadda za ta iya wannan sai ke." Na ce amin.

To ga ni. In na yi shiru ta haihu, igiyar ta tsinke, kuma na ji akwai wani mai awon gyaɗa da ya fara aika wa ubanta goro. Jikana zai tashi yana jin waƙar da aka yi wa uwarsa. In kuma na faɗa, mutumin da bai yarda da kowa ba a duniya sai ni zai san ina kwance a tabarma ina gyaɗa kai ranar gayya. Zai iya ɗauka? Zai ƙara karɓar ko ruwa a hannuna? Matan nan da na rantse a gabansu, da wane ido zan shiga cikinsu? Kuma kada in ɓoye muku na ƙarshe, tunda ba ku san ni ba: har yanzu in na tuna ta dawo, an koma kai kwano biyu zaure, nata kuma ya fi nawa, sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Edita, da ku masu karatu, mata da maza, ciki ba ya jira. Me zan yi?