Ruƙayyatu Ta Zama Ƙafar Malama

Zuwa ga Yaya Malam Abdulƙadir, Sabo, Ibadan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyali da taubasanmu Yarbawa da ka maƙale musu. Mu nan Isa sai godiya. Ruwa dai ya yi mana rowa bana ma, geron da na shuka a hanyar Bafarawa ko gwiwa bai kai ba ya ƙone. Inna tana nan da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu ni da boko muka yi bankwana, kuma ba wanda ya yi kuka.

Saƙonka ya iso ta hannun Yero direba, cewa in aiko maka 'yar wajena, ɗiyarka Ruƙayyatu, ka riƙe ta, saboda yunwa, kuma saboda ka ji wai jikar mahaifinmu Malam ta koma 'yar rawa. Yero bai yi ƙarya ba, amma ya bar rabin labarin a tasha. A makarantarsu akwai Malama Saudatu, mai koya wa yara mata rawar gargajiya bayan an tashi. Gwiwarta ta kumbura, ba ta iya miƙewa. Ta duba duk 'yan ajin, ta ɗauki Ruƙayyatu ta zama mataimakiyarta. Ita tana zaune tana kiɗa, ɗiyarka tana gaba tana nuna taku, tana gyara wa ƙanana kafaɗa. Mata ne zalla, kuma sai ta dawo daga allo take zuwa.

Ni ma da farko na hana. Ka san kiɗan ruwa suke yi, a kifa ƙwarya cikin masaki cike da ruwa a buga. Na ce ana layi a bakin rijiya tun asuba, wane mai hankali zai cika masaki don a yi tsalle? Ruƙayyatu ta ce in ba ta kwana biyu. Ashe ta bi gida-gida ta roƙi iyaye kowace yarinya ta zo da ludayi ɗaya daga rabonta na wanka. Da an gama, ba a zubarwa, a ba akuyar gida ɗaya, gobe ta wani gidan. Ranar da layi ya zo kan akuyarmu na bi Ruƙayyatu da kaina, wai za ni sa ido. Yaya, yaran da na sani suna kwance a zaure kamar tsumma, na same su suna dariya suna tashin ƙura. Har na gwada takun a bayan ɗaki, kwankwasona bai yafe mini ba har yau.

Malama Saudatu ta gaya mini ƙarara, in Ruƙayyatu ta tafi sai ta kife masakin ta sallami yara, don ba ta da wata ƙafa. Na tambayi yarinyar, ta sunkuyar da kai ta ce abin da baffanta ya yanke shi ke nan, amma na ga idonta. Ban taɓa ƙin maganarka ba tun muna kiwon awaki, to yau ina roƙon ka bar ta. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, farin nan ma zai wuce. Idan kuwa dole sai an rage baki ɗaya a gidan nan, nawa ya fi faɗi, kuma ba abin da yake koya wa kowa. Ka aiko Yero ya ɗauke ni.

Ka gaishe da Yaya Kubura, da Alhassan, da Fatu. Inna da Binta suna gaishe ku.

Ƙanenka,
Bawa