Ƙauyenmu Fari Ne a Taswira

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Mu dai ba lafiya ba. Amai da gudawa sun cika ɗakin shan maganin da nake aiki, har a baranda nake kwantar da mutane, ruwan ƙari kuma ya ƙare. Masu ƙarfi suna hawa mota zuwa babban asibitin birni, marasa ƙarfi muna binne su. Kai da ke ofishin da ake bin sawun cutar, ina motar maganin? Sannan a cikin wannan bala'in ka turo mana yaranka biyu! Kanka ɗaya kuwa? Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙanwarka

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ki gaida Mama. Ki iya bakinki, ni ba sa'anki ba ne. Taswirar ƙasar nan tana gabana a bango. Duk wanda aka kwantar a asibiti ana rubuta inda yake zaune, ni kuma in ɗiga ja a wurin, motar magani ta bi jan. Ƙauyenmu fari ne fat. Layin da nake zaune kuwa ya yi jajir, shi ya sa na fitar da yarana. Tun kina ƙarama haka kike, mutum ya yi atishawa ki ce annoba. Ba ni da ikon juya mota saboda ƙanwata ta yi ihu.

Yayanki

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Na bi jan layinmu gida-gida, ban sami maƙwabci ko ɗaya da ya kwanta ba. Na koma asibitin na duba, ashe duk ɗigon nan a ƙofar gidana suka taru. Na tarar da mai ɗinkin takalman ƙauyenmu a gado, na ce me ya sa ya ce a gidana yake zaune. Wai Mama ce ke tare duk mai tafiya a tasha tana cewa, "In an tambaye ku, ku ce gidan ɗana kuka sauka, za a kula da ku." Haba! Ke kina nan ana wannan, ba ki ji ba? Fariyar Mama ta goge ƙauye guda daga taswira, ni kuma da hannuna na kwashi 'ya'yana na kai su cikin cutar. Na shiga ofishin shugabanmu, ya ce gyara sai zaman mako mai zuwa. Na buga masa tebur har ya sa hannu. Mota na tafe. Ki tafasa wa yaran ruwa, don Allah.

Yayanki

Yaya,

Na gaishe ka. Motar ta iso, an gode. Cutar ta kama yaranka duka biyu. Kada ka zagi Mama, tun jiya ba ta ci komai ba, tana zaune bakin gadon da aka kwantar da su. Babban ɗanka ya tashi, har ya sha ruwa da kansa. Maganar autarka kuma Mama ta hana a rubuta a takarda. Ka taho yau.

Ƙanwarka