Warin da Ban Ji Ba

Maman Lauya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai wata biyun nan da kika yi wajen mahaifiyarki sun yi mana tsawo.

Albishirinki, ɗanki ya fara son sana'ar ubansa. Yaron da a da ko ruwa na aike shi ya kawo min shago sai ya kafa min hujja goma, har muka sa masa Lauya, yanzu daga makaranta shagon yake wucewa. Shi ke shafa gam a takalma, shi ke rufe gwangwani, har roƙona yake in tafi gida shi ya kulle. Shekara sha biyar, amma ya fara hankali.

Duk da haka zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya, ban san dalili ba. Ya daina gardama gaba ɗaya. Idonsa kullum ja, ya ce karatu ne. Tela maƙwabcina ya ce in sa ido a kan yaron da gwangwanin nan, na ce masa ya ji da kekensa, tun ranar ba ma gaisawa sosai. Auta kuma ta ce yayanta ko ya yi wanka warin shago yake yi. Na yi dariya, na ce ai gado ke nan.

Ki gaishe min da Inna.

Mijinki,
Baban Lauya

*

Maman Lauya,

Gaisuwa da fatan Inna ta fara cin abinci. Wannan wasiƙar ki karanta ke kaɗai.

Malamin ajinsu ya aiko a kira ni. Ashe sati uku rabon yaronki da aji, kuma kafin ya daina zuwa barci yake yi a kan tebur. Na dawo raina a ɓace, na ritsa shi a shago, na kwaɗa masa mari. Maimakon ya yi kuka ko ya yi musu, sai ya kalle ni ya yi wata irin dariya. Wallahi dariyar nan ta fi komai tsorata ni.

Da na fizgo rigarsa sai wani tsumma ya faɗo daga hannun rigar. Na shinshina, ban ji komai ba. Kin san hancina, shekara ashirin a kan gam ta kashe shi. Ke kanki kin sha cewa asarar turarenki kike yi a kaina, kuma ko abinci ya ƙone sai dai in ce ya yi daɗi. Na haɗiye girman kai na kai wa Tela tsumman. Bai ko kai shi fuska ba ya kau da kai. Ya ce sholisho ne, wato gam ɗin shagona, shaƙa yaron yake yi, kuma duk layin an sani.

Duk layin, Maman Lauya. Ni kuwa da hannuna nake miƙa masa gwangwanin ina sa masa albarka.

Tela ya ce in kai shi asibiti, akwai sashen masu irin wannan. Na ce a'a. Ɗana ba mahaukaci ba ne da zan ja shi gaban mutane. Na sayi akwatin ƙarfe na kulle gam ɗin, makullin yana wuyana, na kuma hana shi fita. Zan iya da shi. Kada ki gaya wa Inna, kada ki ɗaga hankalinki.

Naki,
Baban Lauya

*

Maman Lauya,

Ina gaisuwa, ina duba Inna. Ki yafe min, ban iya da shi ba.

Kullen kwana tara ya yi. Ran na goma da hantsi ina shago, ya ce zai fita, Auta ta tare ƙofa don ni na sa ta gadi. Ya hankaɗe ta, goshinta ya bugu da bakin gado, sai da aka yi mata ɗinki uku. Da la'asar na same shi a bayan shagon mai facin taya, a zaune cikin shara, gefen bakinsa duk miki. Na kira shi sau uku bai gane ni ba. Ni da Tela muka kama shi muka sa a mota sai asibiti, ina kuka a bainar jama'ar da nake jin kunya.

Likitar ba ta yi mana faɗa ba. Ta tambaye ni tun yaushe ya fara, sai Tela ne ya amsa. Ta ce tun ranar da yaro ya canja hali, ya bar makaranta, ya kamata a zo, ba sai ya zubar da jinin ƙanwarsa ba. Kwana shida ya yi a can. Yanzu yana gida, duk Talata muna komawa ya zauna da ita su yi magana.

Gam ɗin na zubar, akwatin na bayar. Da basilla da zare nake ɗinke takalma yanzu, aikin awa ɗaya yana cin wuni, masu sauri sun koma wajen wani. Su je. Jiya ma ɗanki ya ce ɗinkina ya karkace, muka yi musu har minti goma. Ban taɓa jin daɗin rashin kunya irin na jiya ba.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Likita ta ce zai iya komawa, a lura da shi. Ni da me zan lura? Duk yamma sai in kira Auta in ba ta rigarsa ta shinshina min. Yarinya 'yar shekara tara, da ɗinki a goshi. Yau ta riƙe rigar ta daɗe, ta ce ba ta ji komai ba, sai ta fashe da kuka. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa, ko yayanta take rufa wa asiri, kuma ba zan sake sa ta ba.

Ki roƙi ƙanwarki ta karɓe ki jinyar Inna ko na wata ɗaya ne. Rigar tana nan na ajiye a ƙarƙashin matashina, ban wanke ba. Ki zo ki gaya min.

Mijinki mai jiran ki,
Baban Lauya